Mawaƙi Ya Sha Tafi, Ɗanmu Ya Sha Ɗauri



Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a bakin dattawan unguwar nan, wato maganar kiɗan da yaranmu ke ji. Daga shagon mai aski zuwa rumfar mai cajin waya, daga cikin Keke zuwa filin biki, kiɗan iri ɗaya ne, kuma da yawa daga waƙoƙin ba sa ƙarewa sai an ambaci tabar wiwi. Mu da muka zo Ikko da girmanmu, Yarbancinmu na ciniki ne, na nawa ne da rage mini, saboda haka ganga kawai muke ji. 'Ya'yanmu kuwa da aka haifa a nan suna jin Yarbanci da Turancin buroka kamar 'yan gari, ko kalma ɗaya ba ta wuce su. Sai ka ga uba da ɗa a ɗaki ɗaya, waƙa ɗaya na tashi, amma kowa da abin da yake ji. Shi ya sa muka ga ya dace mu ɗauki waƙoƙin nan mu auna su yadda ɗan kasuwa ke auna kaya: daga ina suka fito, me ke cikin buhun, wa ke cin riba, wa ke ɗaukar asara.

Hukuncin wiwi a addini ba ɓoyayye ba ne. Duk abin da ke gusar da hankali haramun ne, kuma tun kusan shekara 700 da suka wuce malamai irin su Ibnu Taimiyya suka yi bayani a kan ita wannan ganyen da sunanta. Wannan mun sha faɗa a masallaci, kuma yaran sun sani. Abin da muke so a nan shi ne mu kalli waƙar ita kanta. Za mu fara da yi wa mawaƙan adalci: gwanaye ne. Sun iya kiɗa, sun iya sarrafa murya, sun san inda zuciyar saurayi take. Dattijon da ya ce wa ɗansa kiɗan nan hayaniya ce kawai, daga ranar yaron ya daina sauraronsa, domin kunnensa ya riga ya gaya masa akasin haka. Ai da kayan ba su da kyau a ido, da ba mu damu ba. Gurɓataccen kaya mai kyan buhu shi ke shiga gida.

Asalin wannan salo na waƙe wiwi a fili daga Jamaika ya yaɗu, tsibirin nan na baƙar fata da ke kusa da Amurka. Mabiya aƙidar Rasta a can suna ɗaukar shan ganyen a matsayin ibada, gwamnati kuma ta daɗe tana kama su a kansa. A shekarar 1976 Peter Tosh ya fitar da faifai mai suna Legalize It, ma'ana a halatta ta, gidajen rediyon ƙasar suka ƙi sa waƙar. A 1978, wajen wani babban taron kiɗa a birnin Kingston, ya kunna tabarsa a kan dandamali a gaban Firayim Minista Michael Manley da madugun adawa Edward Seaga, ya kwashe lokaci yana gaya musu magana a kan zaluncin da ake yi wa talaka. Bayan 'yan watanni 'yan sanda suka kama shi suka yi masa dukan kawo wuƙa. A wannan shekarar dai Bob Marley ya fitar da faifansa Kaya. A bakinsu kaya sunan wiwi ne. Mu kuma a Hausa mun san kaya da ma'ana biyu, akwai wanda ake sayarwa, akwai wanda ake ɗora wa mutum a ka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Waƙar Tosh tana da wani abu da za a yaba: mutumin ya faɗi abin da ya yi imani da shi a gaban masu mulki, kuma jikinsa ne ya biya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa ya doka. Amma a cikin waƙar ya jera cututtukan da ya ce wiwi na magani, har da asma da tarin fuka. To a nan ya bar waƙa ya shiga aikin likita ba da sani ba. Wanda ƙirjinsa ke toshewa, a ce masa hayaƙi ne maganinsa? Wannan magana ce ta mai tallar magani a tasha, sai dai shi ya samu kiɗa mai daɗi ya ɗora ta a kai. Har yau idan ka yi wa saurayi faɗa ya ce maka ai ganye ne, ai magani ne, ai Allah ne Ya tsirar da shi, to ka sani ba shi ya ƙirƙiro hujjar ba. Gadonta ya yi daga waƙoƙin da aka yi tun kafin a haife shi.

A nan gida kuwa, ba sai mun yi nisa ba. Gidan Fela Anikulapo Kuti na farko da ya kira Kalakuta a kan titin Agege Motor Road yake, wajen Mushin, kuma gidan rawar da 'ya'yansa suka gina yana nan Ikeja, tafiyar Keke daga inda muke. A 1974 'yan sanda suka kama shi da zargin wiwi, lokacin da dokar soja ta 1966 ta tanadi ɗaurin shekara 10 ga wanda aka samu da ita. Labarin da ya bayar shi ne su suka kawo tabar don su maƙala masa, ya fizge ya haɗiye, suka tsare shi suna jiran ya yi bayan gida a gwada, fursunoni suka taimake shi da nasu, aka gwada ba a ga komai ba. A 1975 ya mayar da abin waƙa, ya ba faifan suna mai nufin bayan gida mai tsada. Duk wanda ya saurari faifan zai ga cewa ba yabon wiwi aka zauna yi ba. Hukuma ake yi wa dariya, hukumar da ta bar ɓarayin dukiyar ƙasa ta tsaya gadin bokitin fursuna.

Haka yawancin waƙoƙin Fela suke. Waƙa ɗaya kan cinye gefen faifai guda, a daɗe ana kiɗa da busa kafin ya buɗe baki, in ya buɗe kuma maganar soja ce, da cin hanci, da rashin ruwa da wuta, da talakan da ke cunkushe a motar haya. Har mu limamai bai ƙyale ba, ya haɗa mu da limaman coci ya ce muna jin daɗi mabiya na shan wuya. Muna da saɓani mai girma da shi a kan aƙida da tarbiyya, wannan ba ya ɓuya. Amma ba mu ce bai biya kuɗin bakinsa ba. A watan Fabrairun 1977 sojoji suka ƙone Kalakuta, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo daga bene, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. A 1997, 'yan watanni kafin rasuwarsa, hukumar NDLEA ta kama shi ta nuna shi a gaban 'yan jarida da ankwa a hannu.

Inda muke kama Fela da laifi shi ne hoton da ya bari. Mutum ba riga, da ƙatuwar taba a hannu, yana zagin shugaban ƙasa. Ya ɗinke abu biyu wuri guda har matasa suka kasa raba su, suka ɗauka jarumtar a cikin hayaƙin take. Jarumta kuwa tsada gare ta, ba kowa ke iya saya ba. Hayaƙi arha ne, yana nan bayan kowace tasha. Sai magada suka ɗauki mai arhar suka bar mai tsadar.

Mu duba na yau mu gani. Burna Boy mawaƙi ne da duniya ta san shi, ya ci kyautar Grammy a 2021, kuma kakansa na wajen uwa, Benson Idonije, shi ne manajan Fela na farko. A 2022 ya fitar da Last Last, waƙar da babu shagon da ba ta shiga ba a unguwar nan. Ta fuskar gwaninta ba ta da makusa. Labarin wanda masoyiya ta bari ne, muryar na ɗauke da ɓacin rai na gaske, amshin kuma an shirya shi yadda taron jama'a za su ɗauka da baki ɗaya. To me amshin ke cewa? Neman wiwi da giya yake don a manta da baƙin ciki. Kun ga bambancin? A wurin Tosh wiwi rigima ce da gwamnati. A wurin Fela tsokanar hukuma ce. A nan ta zama abin da mutum ke nema idan ransa ya ɓaci. Wannan ya fi waɗancan haɗari nesa ba kusa ba, domin ba kowane saurayi ke da rigima da gwamnati ba, amma babu saurayin da ransa ba ya ɓaci. Wanda aka ƙwace wa babur, wanda ya faɗi jarrabawa, wanda aka hana shi yarinyar da yake so saboda ba shi da kuɗin lefe, duk waƙar ta riga ta rubuta musu takardar magani. Kuma mun ji yaran da ba su kai shekara 10 ba suna rera amshin a hanyar Islamiyya.

Sai ɗan unguwarmu, Naira Marley, wanda a Agege aka haife shi kafin a tafi da shi Landan yana yaro. Sunan da ya zaɓa ma ya isa bayani, ya haɗa kuɗi da sunan Bob Marley. Waƙar da ta fara fito da shi a 2014 sunanta Marry Juana, wasa da kalma ne: a rubuce kamar ana maganar auren wata yarinya, a baki kuma sunan wiwi ne da Turanci. Dabara ce mai kaifi, irin wadda ke sa yaro ya rera a gaban uwarsa tana murmushi. Abin da ya sayar wa mabiyansa ya wuce waƙa, ƙungiya ce da suna da salon sa wando da taƙamar rashin kunya. Idan ka tace waƙoƙin ka cire kiɗan, da wuya ka samu maganar da ta shafi halin da ɗan Agege ke ciki. A watan Agustan 2023 ya je hedikwatar NDLEA a Abuja, ya tsaya kusa da shugabanta Janar Buba Marwa, ya yi kira ga matasa su bar shaye-shaye. Madalla da wannan. Sai dai kiran na rana ɗaya ne, waƙoƙin kuwa suna nan a wayoyi suna aikinsu dare da rana, kuma kuɗinsu na ci gaba da shiga.

To yanzu mu dawo kan kaya. Iyalan Bob Marley sun buɗe kamfanin sayar da wiwi da sunansa, Marley Natural. Snoop Dogg na Amurka ya buɗe nasa a 2015. Shi ma Burna Boy a 2022 ya ƙaddamar da nasa samfurin a birnin Miami na Amurka, ƙasar da jihohi da dama suka halatta wannan ciniki. Mu 'yan kasuwa mun san sunan wannan. Idan mai kaya ya hau dandamali yana yabon kayansa, talla yake yi, ko da ganga ko ba ganga. Bambancin kawai, mai tallar sabulu shi ke biyan rediyo, wannan kuwa mai sauraro ke biyansa don ya ji tallar.

Wa ke ɗaukar ɗaya kayan, wanda ake ɗorawa a ka? Mawaƙin yana da lauya da fasfo da masu gadi. Yana sha a inda doka ta yarda, ko a inda ɗan sanda ke sara masa. Jamaika ma ta sassauta dokarta tun 2015. A Najeriya doka ba ta canza ba, wiwi laifi ce mai kai mutum gidan yari. Ɗanmu mai tura baro a Mile 12 ko mai fiɗa a mayankar Oko-Oba, idan aka same shi da ƙulli ɗaya, babu faifan da zai fito da sunansa. Uwarsa ce za ta sayar da 'yan kunnenta, dattawa su yi ta zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da fadar Sarkin Hausawa. Kuma mu baƙi ne a nan, ko da kakanninmu sun zo cinikin goro tun kafin a haifi masu kiran mu baƙi. Idan aka kama ɗan gari, an kama wane ɗan wane. Idan aka kama namu, an kama Bahaushe, unguwa duka ta ɗauki sunan.

Abin ba ƙarami ba ne. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ke shaye-shaye a ƙasar nan, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha, kuma yankin Kudu maso Yamma da muke zaune shi ne kan gaba. Sannan abin da ake sha yau ba irin na zamanin Fela ba ne. Akwai wanda suke kira laud mai ƙarfin gaske, akwai kolos da ake fesa wa sinadari, wanda ke sa saurayi ya faɗi a titi yana birgima jama'a na ɗaukarsa a waya. Likitoci sun tabbatar cewa yawan shan mai ƙarfin tun da ƙuruciya na ƙara haɗarin taɓin hankali. Wanda ya taɓa raka ɗan uwa asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ya san yadda layin yake. Wannan ne aibin waƙoƙin nan mafi girma a matsayinsu na waƙa: suna ba da rabin labari. Suna tsayawa a daren, ba sa kai mu safiya. Mawaƙin da ya iya sa dubban mutane su ji zafin rabuwarsa da budurwa, ai zai iya sa su ji zafin uwar da ke zaune a bencin Yaba. Bai ga dama ba ne, domin wannan ba ta sayuwa.

Kada wani ya ce wannan halin Yarbawa ne ko na Turawa. Laifi tudu ne. Marigayi Mamman Shata, wanda babu Bahaushen da bai san girmansa ba, ya yi wa mashaya giya waƙa, kuma ta yi tashe. Gambu an san shi da waƙar ɓarayi, yana kiran su da kirari har su ji kansu ya kumbura, kafin daga baya ya bayyana cewa ya tuba ya bari. Makaɗan 'yan tauri da na 'yan dambe sun san yadda ake zuga mutum ya yi abin da ba zai yi ba da hankalinsa kwance. Mu ne ma ya kamata mu fi kowa sanin ƙarfin zuga. Al'ummar da ta san cewa kalangu na sa mahauci ya kama ƙahon sa, ba ita za a gaya wa cewa waƙa ce kawai ba ta sa komai ba. Kuma a cikinmu aka yi Ɗan Maraya Jos, wanda da kuntigi ɗaya ya waƙe ɗan karen mota da talaka da zaman aure, jama'a suka yi rawa kuma suka tafi gida da abin tunani. Wannan ya nuna ana iya haɗa daɗi da gaskiya.

Wasu za su ce gwamnati ta hana kawai. An gwada. A 2018 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana sa waƙar Olamide mai suna Science Student, wadda ke magana a kan masu haɗa ƙwayoyi. Shi ya ce gargaɗi yake yi, wasu suka ce zuga ce, kuma gaskiya kiɗan ya fi kama da na murna. Ko ma wanne ne, hanin bai taɓa wayar kowa ba, sai ma ƙara wa waƙar suna da ya yi. Yaron yau ba ya jiran rediyo. Da naira kaɗan mai cajin waya zai cika masa katin waya da waƙa ɗari.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan kusa. Na farko, mu san abin da ake faɗa. Ka zaunar da ɗanka ba da faɗa ba, ka ce ya fassara maka waƙar da yake ji, kalma bayan kalma, da Hausa. Waɗanda suka gwada sun ga abin mamaki: yaron da ke rera abu da ƙarfi da Yarbanci, in aka ce ya faɗe shi da harshen uwarsa a gaban ubansa, sai ya sunkuyar da kai. Kunyar nan tana nan ba ta mutu ba, baƙon harshe ne ya lulluɓe ta. Daga nan sai ka tambaye shi, shi mai waƙar ina yake kwana, kai kuma in an kama ka ina za ka kwana?

Na biyu, bukukuwanmu. Mai kiɗan na'ura da ake ɗaukowa ranar biki da kuɗinmu yake zuwa. Wanda ya biya shi ke da ikon cewa ga abin da za a sa, ga abin da ba za a sa ba. Ba daidai ba ne a ɗaura aure da safe da addu'ar zuri'a ta gari, da yamma a tara ƙannen amarya suna amsa waƙar neman wiwi, manya na liƙa kuɗi don ba su san me ake cewa ba. A samu saurayi mai hankali mai jin harshen ya zauna da mai kiɗan tun kafin ranar. Wannan ba ya buƙatar izinin kowace hukuma.

Na uku, samarinmu masu sha'awar waƙa, kuma muna da su, suna haɗa Hausa da Yarbanci da buroka yadda ba wanda ya iya sai ɗan Zango. Kada mu kore su, kada kuma su zama 'yan amshin wasu. Labari na nan a ƙofar gidansu wanda ba a waƙe ba: ɗan acaɓan da aka hana aiki, dattijon da ya shekara 40 a Ikko har yau ana tambayarsa yaushe zai koma, abokin da aka tafi da shi Yaba bai dawo daidai ba. Wanda ya waƙe wannan da gwaninta, mu za mu fara saye.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba waɗanda suka faɗa ciki ikon fita, Ya ba iyayensu haƙuri.